Tantin Mai Amya da Aka Zaci Gawa Ne

Lailatu Sharfaddeen,
Gidan Malam Sajo Mai Amya,
Mainika, Ƙaramar Hukumar Gwarzo,
Jihar Kano.
Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sulhu da Sauraron Koke-koken Jama'a
na Ƙauyukan Iyakar Gwarzo da Kabo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘAZAFIN DA 'YAN SINTIRIN KUKAR UWALIYA SUKA YI WA MAIGIDANA, DA ƘWACE TANTINSA, DA HAƊARIN DA RANSA YAKE CIKI

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin ladabi da girmamawa, kai da sauran dattawan da ke zama tare da kai, da fatan Allah ya ƙara wa kujerarka albarka, ya sa kada a zalunci wani kana gani.

Ni ce mai suna a sama, malamar Islamiyya ta matan aure a nan Mainika, matar Malam Sajo Hambali. Na rubuta sunansa ne don aikin hukuma ya tilasta mini, domin tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta shi ba. Daga nan zuwa ƙarshen takarda sai dai ka ji na ce maigidana, ina roƙon a yi mini uzuri. Shi ya kamata ya kawo maka wannan kuka da ƙafarsa, to amma yau ko bakin titi ba ya iya fita, saboda an liƙa masa sunan da ake kashe mutum a kansa ba tare da an tambaye shi ba. An ce shi infoma ne, wato mai kai wa 'yan bindiga labarin gari. Ga yadda abin ya faru.

1. Maigidana mai amya ne. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna a ƙasar nan tun kafin a haife shi, shanun suka ƙare, ya kama noma da ɗiban zuma. Shi yake saƙa amyarsa da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya hau ya ɗaure ta a reshe. Amyoyinsa suna warwatse a kan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, tun daga bayan Mainika, ta Kara, ta Madadi, har cikin ƙasar Kabo. Babu bishiyar da ya taɓa hawa ba da izinin mai gona ba, kuma duk wanda bishiyarsa ta ɗauki amya yana samun kwalbarsa in an ɗebe. Aikin ba a yin sa da rana tsaka, sai rana ta faɗi ƙudan zuma ya lafa. Lokacinsa kuwa ɗaya ne a shekara, shi ne wannan bazara da muke ciki, kafin ruwa ya sauka. Abin da ya samu a 'yan makonnin nan, da shi muke haɗawa da ɗan hatsin gona mu kai wata shekara.

2. A da yana da babur. In ya gama ya hau ya dawo gida, in wuri ya yi nisa ya kwana a zauren mai unguwa ko a masallaci, kamar yadda kowane baƙo yake yi tun kaka da kakanni. Ranka ya daɗe, ba sai na gaya maka abin da man fetur ya zama tun bara ba, kai ma kana sayen sa. Babur ya yi ta zama a jingine har muka sayar da shi muka ci. Sai ga tsoron 'yan bindiga ya shigo ta yamma, garuruwa suka kafa doka cewa a riƙa kulle masallatai bayan isha'i, kuma kada mai gida ya sauki baƙo a zaure. Ban ga laifin dokar ba, kowa yana son ransa. Amma ina roƙon a rubuta wannan a ajiye: mutanen Kukar Uwaliya da kansu suka hana shi zauren da ya saba kwana, bara, suna ba shi haƙuri. Ba shi ya zaɓi daji ba. Bazarar bara a kan buhu ya yi ta kwana a gindin itace, sauro ya ci rabonsa, kunama ta harbe shi a kafaɗa, ya dawo mana da zazzaɓin da sai da muka fid da rai.

3. Game da tantin da ake ta surutu a kansa kamar wani makamin yaƙi. Ƙanena Mahbub yana sana'ar gwanjo a Kano. Wata rana ya kwance dila, sai ya tsinci wani ɗan ƙunshi a cikin jaka, bai fi girman burodi ba. Ya warware, 'yan kasuwa suka taru, wani ya ce rigar ruwa ce, wani ya ce gidan ajiye kwat ne, har sai da wani ɗan makaranta ya ce ai tanti ne na mutum ɗaya, irin na masu yawon duwatsu da ƙafa. Mahbub ya tuna halin da mijin yayarsa yake ciki, ya aiko masa da shi kyauta.

Zan bayyana shi dalla-dalla, tun da na ga waɗanda suke riƙe da shi har yau ba su san mene ne ba. Tsawonsa tsawon mutum ne a kwance. Ba a tsayuwa a ciki, ko zama ba a yi, sai dai a zura ƙafa a shige kamar yadda ake shiga buhu. Wajen kai akwai wani siririn ƙarfe da ake lanƙwasawa ya ɗaga yadin daga fuska, da raga mai hana sauro, da zif. Ƙasansa ba ya shan ruwa. 'Yan turakunsa ba su fi yatsa ba. Duka da jakarsa bai kai nauyin rabin kwanon gero ba, kuma wannan shi ne amfaninsa ga mutumin da yake goye da jarkar zuma da igiya da wuƙa da gorar ruwa da garin kwaki, yana tafe a ƙasa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, kowane ɗan nauyi a gadon bayansa yake jin sa.

Ranar da ya fara gwada shi a tsakar gida muka yi ta dariya, na ce masa ya zama kifi a leda. A ciki ya kwana, da safe ya fito jiƙe sharkaf, domin ya ja zif ɗin har ƙarshe, numfashinsa ya zama raɓa a ciki. Daga nan ya gane sai an bar wajen raga a buɗe. Ya koyi cusa takalmansa a jakar goyo ya yi matashi da ita saboda kunama. Ya koyi share ƙaya kafin ya shimfiɗa, don ƙaya ɗaya ta isa ta huda shi. In ya dawo, ni nake goge shi da tsumma in shanya a inuwa. Ban taɓa ganin ya so wani abin duniya kamar yadda ya so wannan ɗan yadi ba. Ya ce mini tun da ya fara kwanan daji bai taɓa yin barci har ya yi mafarki ba sai a cikinsa.

4. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu, ya ɗebi zuma a gonar Iya Halima Sa'adiya, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, a gefen Kukar Uwaliya. Da saninta, har ta aiko masa da fura. Da ya gama ya kafa tantinsa a gindin ɗorawar ya kwanta. Maigidana mutum ne mai riƙo da abin da malamansa suka koya masa: a kan hannun dama yake kwanciya, fuska ga alƙibla. Saboda haka duk inda zai shimfiɗa tantin, kai yana kudu, ƙafa tana arewa. Ranka ya daɗe, ka san wane ne kuma ake kwantarwa haka.

Ya tashi ya yi sallar asuba, da yake gajiya ta yi masa yawa sai ya koma ciki ya ɗan miƙe kafin rana ta fito, barci ya sace shi. Da gari ya waye, ranar Talata, 23 ga wata, mata masu zuwa itace suka hango abu dogo a nannaɗe, kai kudu ƙafa arewa, ba ya motsi. Suka zubar da igiyoyinsu suka sheƙa gari suna salati, wai an yar da gawa a gonar Iya. Kafin ka ce kwabo gari ya fito. Malam Lukuman limamin garin ya zo da carbinsa. Aka aika a ɗauko makara. Wasu har sun fara gardamar ko a tona a nan ko a kai maƙabarta. Datti, shugaban 'yan sintirin garin, ya zo da bindigarsa ta harba-ka-ruga da layu har gwiwar hannu, ya kori mutane baya, ya ce kada wanda ya matsa, wannan aikin maza ne. Ya tako shi kaɗai, gari na kallo, ya sa bakin bindiga ya zunguri wajen ƙafa.

To, mutumin da aka zungura yana barci me zai yi? Ya motsa. Ya ja zif. Ya leƙo da kai ya yi musu sallama.

Wallahi, ranka ya daɗe, ba don abin da ya biyo baya ba, da wannan labari na dariya ne har jikoki. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Masu makara suka yar da ita. Shi kuwa Datti, mai cewa aikin maza ne, ya jefar da bindiga, ya bar takalmi ɗaya a kan kunyar gona, ya ruga ya faɗa cikin shingen ƙaya a gaban matan garin da surukansa, har da matarsa. Wadda ba ta gudu ba Iya Halima Sa'adiya ce kaɗai, ita ma don ƙafa ba ta da ƙarfi ne, ta tsaya tana cewa ai mai amya ne, ai mai amya ne. Maigidana ya fito, ya ɗauki bindigar da takalmin, ya bi bayansu yana ba da haƙuri, yana miƙa wa mai su. Ina ganin wannan miƙawar ce ta jawo mana komai. Da ya bar su a ƙasa, wataƙila da Datti ya yafe masa.

5. Mata suka fara dariya, yara suka ɗauka. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Nan take Datti ya karkaɗe jikinsa ya ce a kama shi, wai dama sun daɗe suna samun labarin wani infoma da ke kwana a bayan gari yana ƙirga shanun mutane. Wanda ya ba su labarin, har yau ba a faɗi sunansa ba. Suka zazzage jakar goyonsa a ƙasa, suka ce ga hujjoji. Ina so in jera maka su kamar yadda suka jera. Wai tantin kore ne, launin kayan soja. To, shi ya rina shi? A dila ya zo. Wai an sami tocila da wuƙa. Da me ake yankan saƙar zuma, da farce? Wai an ga hayaƙi a kan bishiya bayan magariba, alama ce yake yi wa mutanensa. Ko yaron goye ya san da hayaƙi ake korar ƙuda. Sai ta ƙarshe, wadda ba su faɗa da ƙarfi ba amma kowa ya ji: wai a dubi hancinsa a dubi sunansa. Wato laifinsa shi ne iyayensa sun taɓa kiwon shanu. Jarkar zuma cike tana ajiye a gabansu, ƙuda na bin ta, ita ba a sa ta cikin hujja ba. An dai shanye ta.

Suka ɗaure shi da igiyarsa ta hawa bishiya. Suka dake shi da gora, har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Suka kulle shi a ɗakin da suke ajiye kayansu.

6. Washegari Laraba, 24 ga Afrilu, ranar kasuwar Kukar Uwaliya ce. Wannan sashe da ƙyar nake rubuta shi. Suka fito da shi tsakiyar kasuwa da azahar, suka shimfiɗa tantin a kan ƙasa mai zafi, suka ce ya shiga ya nuna wa jama'a yadda infoma yake ɓuya. Ya roƙe su don Allah don Annabi. Suka tura shi, suka ja zif ɗin har ƙarshe. Abin da aka yi don sanyin dare, aka rufe mutum a cikinsa a ranar bazara, ba iska. Yara suna jifa, manya suna kallo, masu waya suna ɗauka. Da aka buɗe ba ya iya tsayuwa. Dattijo mai furfura a gemu, mai 'ya'ya mata da suka isa aure, aka jawo shi ta ƙafa kamar buhun taki. Datti yana tsaye yana yi wa mutane jawabi, bindigar nan dai tana rataye a kafaɗarsa, babu wanda ya ƙara yi masa dariya. Abin da yake nema ke nan, kuma ya samu.

7. Da yammacin ranar dattawan Mainika suka je suka karɓo shi. Ina so mai girma shugaba ya lura da wannan da kyau. Ba a kai shi wurin 'yan sanda ba. Ba a kai shi gaban alƙali ba. Ba a kawo mutum ɗaya da ya ce ya gan shi da ɗan bindiga ba. In da gaske infoma ne, don me aka sake shi? In kuwa ba shi ba ne, don me ba a faɗa ba? Sai aka sallame shi da gargaɗi cewa in aka ƙara ganin ƙafarsa a ƙasarsu, abin da ya same shi shi ya ja. Tantin suka riƙe, wai shaida ce. Na ji an ce yana rataye a ƙusa a ofishinsu, duk baƙon da ya zo sai a nuna masa.

Iya Halima Sa'adiya, Allah ya saka mata da alheri, ta dogara sandarta har wurinsu, ta ce mutumin nan shekara da shekaru yana hawa ɗorawarta, ita ta ba shi izini, ita ta ba shi fura. Datti ya ce mata shaidar mace ɗaya ba ta tsayawa a Shari'a. Ikon Allah! Ni ɗin nan ɗan abin da na sani nake koya wa mata, amma na san wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Ashe wanke mutum sai da shaidu, amma ɓata shi ko rabin shaida ba ya bukata? Mun yi murna da Shari'a a ƙasar nan don an ce mana ita ce gatan mara gata. Ban san an mai da ita sandar da mai jin kunya zai ɗauka ya rufe bakin tsohuwa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda mai yin sa ya san ƙarya ne.

8. Bidiyon kasuwa ya riga maigidana isowa gida. Wani ya rubuta a kansa cewa an kama infoma, ya watsa. Yanzu babu wayar da ba ya ciki daga Gwarzo har Kabo. Waɗanda suka san shi sun san ƙarya ne, amma mutum nawa suka san shi? Sauran mutane fuskarsa kawai suka sani. Ranar Juma'a, 3 ga Mayu, ya yi ƙarfin hali ya nufi amyoyinsa na wajen Madadi. Bai kai ba, wasu samari a kan babur suka gane shi, suka bi shi da adduna, da ƙyar ya faɗa gidan wani bawan Allah da ya rufe ƙofa ya rantse musu ba kowa. A cikin amalanke, an lulluɓe shi da kara, aka dawo mana da shi.

Tun daga ranar bai ƙara fita ba sai masallacin ƙofar gida. Can ma, ranka ya daɗe, abin da ya fi duka ciwo ya same shi. In ya tsaya a sahu, sai na kusa da shi ya ɗan ja, a bar fili. Mutanen da ya yi wa 'ya'yansu tahniki da zumarsa. Ba su ce ya yi ba, tsoro suke kada a gan su kafaɗa da kafaɗa da shi. Matan da nake koyarwa sun ragu, mazansu sun hana. 'Yarmu Kamila ta daina zuwa rijiya da rana saboda abin da ake kiranta. Masu sayen zuma da suke sallama tun kafin a ɗebe, ko ɗaya bai leƙo ba.

Zumar kuwa tana can a kan itace. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwa ya sauka an gama, ko ɓarayi su riga mu, don kowa ya san mai ita ba ya iya zuwa. Rumbunmu ya kusa ƙasa. Tuwo sau ɗaya nake yi, shi ma sai ya ce ya ƙoshi don yara su ƙara. Ya zauna, yunwa. Ya fita, adda. Gaba kura baya sayaki.

9. Kada a ce na tsallake na ƙasa na zo wurin na sama. Na je wurin mai unguwarmu, ya ce abin ba a ƙasarsa ya faru ba. Na tafi Kukar Uwaliya da ƙafata, ni da yayana, ranar Talata, 7 ga Mayu. Mai garin ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi 'yan sintiri ba a ƙarƙashinsa suke ba, kuma a wannan zamani ba ya iya ɓata wa masu gadin gari rai. Malam Lukuman ya shigar da mu zaure ya sa aka rufe ƙofa, ya ce shi shaida ne, yana wurin, ya san borin kunya ne kawai, kuma abin yana hana shi barci. Na ce to Malam ya faɗa a kan mumbari. Ya sunkuyar da kai ya ce in ya sami wani babba ya tsaya a bayansa zai faɗa. Daga nan na je wurin Datti. Na durƙusa masa, ni da na girme shi. Na ce ya riƙe tantin in yana so, ya riƙe zumar da aka sha, na yafe, kalma ɗaya kawai nake roƙo. Bai iya kallon idona ba. Ya ce magana ta riga ta fita, in ya janye ta yanzu da wane ido zai dubi garin. Ka ji, ranka ya daɗe. Shi idon gari yake ji, mu kuwa rai muke ji.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon wannan kwamiti mai albarka abubuwa kamar haka.

Na farko, kuma shi ne ƙashin bayan kukana: a kira Datti da mai garin Kukar Uwaliya da Malam Lukuman da Iya Halima Sa'adiya, a tambaye su a gabanka. In akwai hujja a kan maigidana, a kai shi gaban alƙali, ni da kaina zan raka shi. In babu, a tsaya a tsakiyar kasuwar da aka wulaƙanta shi, ranar kasuwa, da lasifika, a ce mutumin nan mai amya ne, ba infoma ba ne, kuma masu waya su ɗauka kamar yadda suka ɗauki na farko. Ba na neman a daki Datti, ba na neman a tsige shi. In ma ana so a rufa masa asiri a ce kuskure aka yi saboda tsaron gari, na yarda, a faɗa yadda ba zai ji kunya ba. Ni dai a faɗa.

Na biyu, a dawo masa da tantinsa, in ba su yaga shi ba, a kuma ba shi takarda mai hatimin kwamiti da zai riƙa nunawa a garuruwan da yake bi. Ina kuma ba da shawara, in an yarda mace ta ba da shawara, cewa garin da ya rufe wa baƙo zaure da masallaci ya nuna masa inda zai kwanta, domin ba maigidana kaɗai ne tsadar mota ta mayar matafiyin ƙasa ba.

Na uku shi ne lokaci, kuma a nan nake roƙonka da girman Allah. Na san kwamiti yana da tsari, na san akwai koke-koken da suka riga nawa. Amma jibi Laraba ce, 15 ga wata, kasuwar Kukar Uwaliya za ta ci. Maigidana ya ce ranar zai tafi. Ya ce zai bi ta tsakiyar kasuwar da rana, ya wuce gonar Iya ya sauke sauran amyoyinsa, domin gara a kashe shi a kan hanyar nema da ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna lashe tukunya. Na yi kuka, na haɗa shi da yayyensa, na haɗa shi da Allah. Mutum ne mara yawan magana, in ya faɗi abu ya faɗa.

Masu amya ba sa gaya wa kowa inda amyoyinsu suke, ko matansu, wannan sirrin sana'a ne. Duk zaman da muka yi ban taɓa tambaya ba, bai taɓa faɗa ba. Jiya bayan la'asar ya kira ni ya zaunar da ni, ya fara faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya: wace bishiya, a gonar wa, wane reshe, wa ake ba kwalba. In na yi kuskure sai ya ce in maimaita. Bai bar ni na tashi ba sai da na haddace.

Ranka ya daɗe, ba na son wannan ilimi. Ina roƙonka ka riga shi isa kasuwar nan.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya, ya sa ka gama lafiya. Ina jiran amsarka a ƙofar ofishinka, domin ni na kawo takardar da hannuna, kuma ba ni da niyyar komawa gida sai an karanta ta.

Taka mai biyayya,

Lailatu Sharfaddeen
(Matar mai amya, Mainika)